Hannun Hagun Don Chelao

Cokalin bai kai bakinsa ba Don Chelao ya ture shi, romon kabewar ya zube a kan zanen gado. Doña Vinda ta ajiye kwanon a kujera, ta ce masa in ba zai sha ba ya faɗa mana, ba sai ya yi mata wanka da shi ba. Sai da maganar ta fita ta tuna faɗar ce ba ya iyawa. Tun ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma ta tafi tare da shi. Abin da ya rage masa ido ne da hannun hagu, shi kuwa hannun nan ba ya hutawa.

Ya sake farawa. Ya taɓa hanci, ya shafi ƙirji, ya ja kunne, ya dafe gwiwa, ya taɓa haɓa, sannan ya tsaya ya zuba mata ido yana jira. Ta tambaye shi ko ruwa yake so, ya gyaɗa kai. Ta kawo ruwan, ya kau da fuska. Ta tambaye shi ko fitsari ne, ya gyaɗa kai. Don haushi ta tambaye shi ko shi ne Paparoma, nan ma ya gyaɗa. Likitan unguwa ya riga ya gaya mata kar ta yarda da gyaɗa kan nan, ciwon ya rikita masa e da a'a. An gwada ba shi fensir, ya yi zane irin na ɗan da bai shiga makaranta ba, ya jefar.

Duk San Pedro an san Wenceslao Richardson, wato Don Chelao, ko kuma a ce an san shi a da. Jikan masu saran rake ne, kamar rabin mutanen unguwar. Yana saurayi wata ƙungiyar Amurka ta besbol, wasan nan na buga ƙwallo da sanda, ta ɗauke shi, ya yi ta bugawa a ƙananan garuruwan da ba mai jin sunansu, a kwana a bas a tashi a bas, har gwiwarsa ta ce ta gaji. Babbar gasar da kowane yaro a garin nan yake mafarki, bai taɓa taka filinta ba. Garin nan dama cike yake da mutanen da saura kaɗan. Sai ya koma koci, irin wanda yake tsayawa a fili gefen tasha ta uku ta masu gudu yana gaya wa 'yan wasansa da hannu ko su gudu ko su tsaya, ko su buga ko su bar ƙwallo ta wuce, ba tare da abokan karawa sun gane ba. A wannan ɗan gurbin ya ƙare ƙuruciyarsa, bazara a Amurka ko Meziko, ƙarshen shekara a gasar gida. Sau da yawa an ce shi za a ba wa ragamar ƙungiya, sau da yawa aka ba wa wani. Da furfura ta gama cin kansa aka yi masa walima, aka ba shi agogon bango, aka ce ya je ya huta.

Katangar bulo ce gajeriya tsakanin gidansa da na Vinda, kuma a kan katangar nan suka tsufa suna faɗa. Rediyonsa ya cika ƙara, hayaƙin gawayinta yana shiga masa ɗaki, mangwaronsa yana zubo mata ganye. Amma tun da matarsa ta rasu, mijin Vinda ma ya bi bayanta, ba a taɓa wayar gari ba ta miƙa masa kofi ta kan katangar ba, shi kuma bai taɓa karɓa bai ce sukari ya yi yawa ba. Masu gulma sun yi sun gaji. Ba soyayya ba ce, sabo ne, kuma a shekarunsu sabo ya fi soyayya wuyar rabuwa. Yanzu ga shi kwance yana mata magana da iyakar ƙarfinsa, ita kuwa ba ta jin ko kalma ɗaya, abin yana cin ranta ƙwarai.

'Yarsa Yudelka ta sauka daga New York da akwati ɗaya da fuskar wadda ta riga ta yanke shawara tun a jirgi. Aikinta a can kula da tsofaffi ne a wani gidan jinya. Ta juya mahaifinta, ta duba bayansa, ta canza zanen gado da shi a kai cikin ƙiftawar ido, har Vinda ta ji kunyar nata jinyar. Kafin ta cire takalmi ta fara buga waya. Akwai wani asibiti a babban birni da suka ce za su duba yiwuwar yi masa aiki a kai. Likitan unguwa ya ce a ganinsa a bar dattijon nan inda yake, jijiyar da ta fashe ba ta gama ba, jijjigar hanya ba za ta yi masa daɗi ba. Yudelka ta yi masa godiya irin wadda ake yi wa wanda ba za a bi maganarsa ba. Motar asibiti za ta zo ranar Juma'a da safe.

Tun da aka ambaci motar a gabansa hannun ya ƙara sauri. Hanci, ƙirji, kunne, gwiwa, haɓa. Yudelka ta ce jijiyoyi ne, ta ga irinsa a wurin aiki, wasu sukan yi ta tsinke bargo. Vinda ba ta yi gardama ba, amma ta san mai tsinke bargo ba ya tsayawa ya kalle ka yana jiran amsa.

Ta ɗaura ɗankwali ta nufi kantin kan kwana, inda tsofaffin unguwa suke buga domino tun daga hantsi, kowannensu ya fi kowane koci sanin besbol. Ta kwaikwayi hannun a gabansu. Ɗaya ya ce ai sigari yake so. Wani ya ce a'a, lambar caca ce, matattu da masu shirin tafiya sukan gani, ta sake yi a hankali ya ƙirga. Aka kwashe da dariya. Ta ce da su Allah ya kai su ranar da za su kwanta su ma a ƙirga su, ta juya. Mai kantin ne ya bi ta waje ya ba ta lambobin wayar wasu da suka wuce ta hannun Chelao suka yi suna a Amurka. Ta buga har kuɗin wayarta ya ƙare. Wani yana barci, wani yana atisaye, wani matarsa ta ɗauka ta ce za su sa shi a addu'a.

Wanda ya zo wani ne da ya bar wasa ya zama fasto. Ya yi addu'a da murya har gilashin taga yana rawa, sannan ya zauna ya kalli hannun da kyau, ya ce tabbas alamu ne, ba shakka. Sai dai akwai matsala. Duk taɓe-taɓen nan yawancinsu na ruɗin abokan karawa ne. A cikinsu akwai guda ɗaya da ake kira mabuɗi, kuma abin da hannu ya taɓa bayan mabuɗin shi kaɗai ne umarni. Kowace kakar wasa ana canza mabuɗin, ana canza ma'anar sauran. A shekarar da shi ya buga, hula ce mabuɗi, ga shi dattijon ko sau ɗaya bai nufi kansa ba. Ya ce ta nemi wanda ya buga a shekarun ƙarshe, akwai Radhamés, yana acaba a bakin kasuwa.

Ta same shi a inuwar wata bishiya, ya kishingiɗa a kan babur yana sakace. Mutum ne dogo, ya fara ajiye tumbi, amma ƙafafun suna nan na mai gudu. Da ta ambaci sunan Chelao, wanda yaransa suke kira Profe, ya cire tsinken daga bakinsa.

"Profe? Bai mutu ba?"

"Yana hanya. Yana magana da hannu, ba mai ji. An ce kai za ka ji."

"Doña, kin san maganar ƙarshe da na ji daga bakinsa? Ya kira ni bayan wasa, ya ce in haɗa kayana, ƙungiya ta gode. Ko kallona bai yi ba, igiyar takalminsa yake ɗaurewa. Yanzu ne yake da abin faɗa?"

Vinda ta ce ba ta zo shari'a ba. Ta ce aikensa aka yi ya faɗa, kuma ta san ranakun da yake sallamar yara, don a ranakun ne rediyonsa ba ya ƙara, abinci ma ya dawo mata da shi ta kan katanga yadda ta miƙa. In Radhamés ba zai zo don Chelao ba, ya ɗauke ta a matsayin fasinja ya kai ta gida, ƙafarta ta kumbura. Ya kalli ƙafar, ya yi tsaki, ya tayar da babur. A hanya, da suka wuce tsohon injin rake, ya tambaya ko har yanzu Profe yana da ƙaton agogon nan da aka ba shi. Ta ce yana nan, ba ya aiki.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka shiga. Yudelka tana shafa wa mahaifinta mai a ƙafa. Ta ɗaga kai ta kalli baƙon tun daga hularsa mai maiƙo har takalminsa, ta amsa gaisuwarsa a taƙaice. Shi kuwa Chelao, idonsa na sauka a kan Radhamés sai fuskarsa ta canza, ɓarin da yake motsi ya ɗaure tamau, irin fuskar da yake sawa a fili. Hannun ya tashi. Wannan karon bai yi da gaggawa ba, a tsanake ya yi, kamar mai aikin da ya san ana kallo. Hanci, ƙirji, kunne, gwiwa, haɓa.

Radhamés yana tsaye a ƙarshen gado. Vinda ta ga ya buɗe ƙafafu, ya ɗan rusuna, hannayensa sun sauka a kan cinyoyinsa, shi kansa bai san ya yi ba. Dattijon ya sake yi, ya sauya jerin, ya fara da haɓa, ya bi da kunne, gwiwa, hanci. Fuskar Radhamés ba ta nuna komai ba. Ya ɗaga yatsu biyu ya taɓa bakin hularsa, ya sauke.

Hannun ya faɗi a kan bargo. Tun ranar da ya kwanta wannan ne karo na farko da Vinda ta ga yatsun nan a buɗe ba sa neman komai. Chelao ya ja dogon numfashi, ya lumshe ido, kafin wani ya yi magana barci ya ɗauke shi.

Yudelka ta tambaya me ya ce. Radhamés ya kalli gadon, ya kalli ƙasa, ya ce ba a faɗin alama a gaban wanda ya ba da ita. Ta ɗauka wasa yake, ta sake tambaya. Ya sosa ƙeya ya ce zai je ya duba baburinsa. Ta bi shi da kallo, ta ce da Vinda ai ga shi nan, ya ga ɗaya daga cikin yaransa hankalinsa ya kwanta, dama su yake nema, ba ita ba.

A waje Vinda ta riƙe kan babur ɗin. Radhamés ya ce kunne ne mabuɗi, na shekarar da suka ci kofin gasa ne, shekarar da ya fi gudu a rayuwarsa. Gwiwa ce take bin kunne kowane karo.

"Gwiwa me take nufi?"

"Tsaya inda kake. Ko me ka gani, kar ka bar wurin."

Abin da zuciyar Vinda take gaya mata ke nan tun farko. Ta ce to me ya hana shi faɗa a ciki. Ya ce bakinsa ne ya ƙi buɗewa. Profe ya taɓa zaunar da wani yaro a benci har ƙarshen kaka don kawai ya motsa leɓe yana maimaita alama. Ban da haka, shi wane ne, ɗan acaba, da zai shiga gidan mutane ya gaya wa mace mai aikin asibiti a New York yadda za ta yi da ubanta? Ta tambaye shi hular fa, me ya sa ya taɓa. Ya ce amsa ce, ma'anarta na ji, na ɗauka, ya zama nawa. Ya ce zai dawo da safe, ya ja babur ya tafi.

Yudelka tana kicin tana ninke rigunan mahaifinta cikin jaka lokacin da Vinda ta gaya mata. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba, hannunta bai daina ninkewa ba. Sannan ta ce lokacin da mahaifiyarta take kwance a wannan gidan, shi yana Meziko, an buga masa waya ya ce saura wasanni kaɗan. Ya iso an riga an binne. Ranar da ta gama makaranta yana wani gari da ba ta iya faɗin sunansa. Duk rayuwarsa da 'ya'yan wasu yake magana, da yaren da ba a koya mata ba.

"Doña Vinda, iyayen mutane nake wankewa a can, in ba su abinci a baki, in riƙe hannunsu su cika. Nawa uban kuma in zauna in zuba masa ido ya tafi, don wani ɗan acaba ya ce ya taɓa gwiwa?"

"'Yata, ban ce ki yarda da ɗan acaba ba. Ki yarda da barcin da kika ga ya yi."

Yudelka ta zauna a kan kujera, rigar tana hannunta, hawaye suna zuba ba ta share ba. Ba muguwa ba ce, Vinda ta san ta tun tana tsallake katangar nan da ɗan kamfai. Tsoro ne ya cika ta, da haushin da bai sami wanda za a sauke wa ba. Can ta ce to shi ke nan, da safe in motar ta zo za ta tambaye shi a gaban kowa. In ya yi abin nan da hannu, in ya ture su, in ya nuna ko yaya ne ba ya so, za ta sallami motar. Vinda ta koma gida da sauƙin zuciya, don ta san hannun nan, ko Paparoma ne ya zo ba zai hana shi motsi ba.

Da safe motar ta tsaya a bakin lungu, don ba za ta iya shiga ba. Ma'aikata biyu suka turo gado mai taya, maƙwabta suka fito bakin ƙofofinsu da kofunan kofi. Radhamés ya riga kowa zuwa, ya sa riga mai tsabta, yana tsaye jikin bango. Chelao ya farka, an goge masa fuska, an taje masa gashi. Ya kwana lafiya, Yudelka ta ce, ko juyi bai yi ba.

Ta durƙusa a gefen gadon ta riƙe kafaɗarsa. Ta ce, "Papá, mota ta zo, za mu tafi babban birni a duba ka. In ba ka so ka nuna mini." Ya kalle ta, ya kalli ma'aikatan da fararen rigunansu, sannan idonsa ya wuce su duka ya tsaya a kan Radhamés. Hannun yana kan bargo, a buɗe, bai motsa ba.

Yudelka ta jira. Ta sake faɗa a hankali. Vinda ta matso, ta ce Chelao yi musu mana, yi abin nan da ka dame ni da shi. Ta kama kunnenta ta ja, ta dafe gwiwarta, tsohuwa da ita, a gaban baƙi. Bai ko kalle ta ba. Radhamés yake kallo, cikin natsuwa, kallon wanda ya ba da aiki ga mutumin da ya yarda da shi.

Radhamés ne ya gane, kuma Vinda ta ga lokacin da ya gane, don fuskarsa ta sauya. Ya ce Profe ba zai sake ba. Koci ba ya maimaita alamar da aka riga aka amsa, maimaitawa tona asiri ne. Ya ce shi ya amsa jiya, shi ya sa. Ya fara bayanin kunne da gwiwa, yana haɗa kalmomi suna warwarewa, ma'aikatan suna kallon agogo.

Yudelka ta miƙe. Ta ce jiya motsin hannu ne magana, yau kuma rashin motsin ne magana, to yaushe ne ita za ta yi daidai? Ta yi alkawari ta cika, ta tambaye shi a gaban kowa. Ta ce da ma'aikatan su ɗauke shi.

Gado mai tayar ya ƙi shiga ta ƙofar gidan, ƙofar katako ce ta zamanin da, ba ta buɗewa har ƙarshe. Babban ma'aikacin ya ce sai an cire ta, ya tambaya ko akwai mai sukuddireba. Ya leƙa waje ya ga babur, ya ce na wane ne wannan, ai ɗan acaba ba ya rasa kayan aiki. Vinda ta kalli Radhamés. Da ya ce babu, da ya hau baburinsa ya gudu da kayan, da ya tsaya a bakin ƙofar ya ƙi matsawa, da wataƙila an yi wani abu dabam. Amma mutum ne da aka horar tun yana yaro ya yi abin da mai rigar aiki ya ce. Ya je ya buɗe ƙarƙashin kujerar babur ya ɗauko. Ya durƙusa ya kwance kusoshin ɗaya bayan ɗaya, tsatsa tana zuba a kan rigarsa mai tsabta. Shi da ma'aikacin suka ɗaga ƙofar suka jingina ta da bangon waje.

Da aka ɗaga Chelao daga gadonsa zuwa na tayar, nauyinsa ya fi yadda aka zata, aka ce Radhamés ya kama ta wajen ƙafa. Ya kama. A lokacin ne Vinda ta ga idon dattijon ya canza. Ya kalli hannayen da suke riƙe da ƙafarsa, ya bi su da kallo har zuwa fuskar mai su. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi. Ya dai kau da kai ya kalli rufin ɗaki. Aka ɗaura masa bel a ƙirji, aka haɗa da hannun hagun a ciki don kar ya zame.

Vinda ta bi gadon har bakin lungu tana riƙe da ƙarfen gefe, tana gaya masa maganganun banza, wai za ta share masa ganyen mangwaro, wai kar ya saba da kofin asibiti. Ba ta san ko yana ji ba. Yudelka ta shiga ta zauna kusa da kansa, ta ɗora tafin hannunta a goshinsa. Aka rufe motar. Ba su kunna jiniya ba, suka bi ta gaban kantin a hankali saboda ramuka, 'yan domino suka ɗaga huluna, sannan suka koma kan wasansu.

Radhamés bai tafi ba. Ya zauna a kan dakalin gidan da sukuddireban a hannu, kusoshin a aljihun riga. Vinda ta so ta zage shi, ta tara zagin a baki, amma da ta dube shi ta ga babu wurin da zagin zai sauka. Ya ce a duk shekarun da ya yi wasa bai taɓa kuskure alamar Profe ba, ko sau ɗaya, a tambayi kowa. Ta ce ta sani. Ya tambaya ko ya mayar da ƙofar. Ta ce ya bari tukuna, ba ta san dalilin da ya sa ta faɗi haka ba. Wani ya kira shi daga bakin titi yana neman acaba, ya yi kamar bai ji ba, aka sake kira, ya tashi ya tafi.

Rana ba ta kai tsaka ba wayarta ta yi ƙara. Yudelka ce. Ba su kai ba. Sun wuce gada, sun hau babban titi, a wani wuri da babu komai sai gonakin rake hagu da dama numfashinsa ya sauya. Direba ya tsaya a gefen hanya, suka yi abin da za su iya. Ta ce tana riƙe da shi. Ta ce ta kwance bel ɗin, ta ciro hannun, ta ce masa Papá yi mini, ko me ne ne yi mini zan koya. Daga nan kuka ya ci ƙarfinta, Vinda ta yi ta cewa na'am, 'yata, na'am, har wayar ta yanke.

Baƙin ciki ya danne ta, irin wanda ba ya zuwa da hawaye. Mutumin nan abu ɗaya ya roƙa, ya roƙe shi da kyau, da yaren da ya fi iyawa, an kuma ji shi, amma ya mutu a gefen titi a ɗaure. Ta tsallaka gidan don ta gyara ɗakin kafin a kawo shi, masu zaman makoki za su buƙaci wuri. Ta cire zanen gado, ta share ƙasa, ta jera kujerun da ke akwai a jikin bango. Ta fita ta gwada ɗaga ƙofar ita kaɗai, ko gezau ba ta yi ba. Ta tuna akwatin gawa ma ba zai shiga ba sai a haka, ta ƙyale ta.

Ta ja kujera ɗaya ta zauna a tsakar ɗakin. Haske yana shigowa ta inda ƙofar take a da, ya kwanta a kan siminti har ƙafar gado. Can wata kaza daga lungu ta tsaya a bakin wurin, ta karkata kai ta leƙa, ta shigo, wata ta biyo ta. Suka yi ta zagaya ɗakin suna tsattsagar ƙasa, Vinda tana kallonsu, ba ta kore su ba.